Yadda muka gina Khaibar da lakar Gulbi

Shekara 11 ke nan ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata lise a nan Maradi, kuma duk shekara in muka iso darasin duwatsu sai in ji wata ƴar kunya ta kama ni. Sai in rubuta kalmar Faransanci, col, wato mashigin dutse, a tabulo, in sa ma'anarta a ƙasa, yara su kwafe cikin kaye, su haddace, ran jarrabawa su dawo mini da ita yadda na ba su, har da waƙafi. Amma ka ce wa ɗayansu ya zana maka abin a ƙasa da yatsa, sai ya hau sosa ƙeya. Ban ga laifinsu ba. Yaron da aka haifa a Mokoyo ko Bagalam, iyakar tudun da ya sani shi ne gangaren da ke sauka Gulbi. Wanda ya ɗan yi nisa ya hangi duwatsun Damagaram ta tagar mota. Ni kaina mai tsayawa gabansu da alli ban taɓa sa ƙafa cikin mashigin dutse ba.

Bara da hunturu, ina tsakiyar bayanin cewa irin waɗannan wurare sarakuna kan zubar da jini a kansu, wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Mushe, to in an tare hanyar, mi ya hana su kewaya ta gona?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na yi shiru, don tambayar ta ɗiyar Maradi ce tsantsa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ta ga abin da ya faru da idonta. An rufe hanya tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, amma shinkafa ba ta daina shiga ba, ruwa-ruwa bai daina fitowa ba, babura suka yi ta ratsa gonakin gero cikin dare. A ƙasarmu duk inda ka juya hanya ce. Don me za ta yarda akwai inda ƙasa ta matse har rundunar sarki ba ta da mafita sai ƙofa guda? Na ce ta ba ni sati biyu. Wata biyu abin ya ci.

Na yanke shawarar mu gina mashigin da hannunmu, na kuma zaɓi Khaibar, wanda ke kan iyakar Pakistan da Afganistan, inda hanya ta tsaga duwatsun Spin Ghar, wato Farin Dutse da harshen Pashto. Ina faɗin sunan wani yaro mai zuwa makarantar dare ya miƙe: "Mushe, wanda Sayyadina Ali ya ɓalle ƙyaurensa?" Na ce a'a, wancan Khaibar ɗin yana arewa da Madina, an yi yaƙinsa shekara ta 7 bayan Hijira, wannan kuwa yana can gabas mai nisa, a ƙofar Indiya. Ya zauna bai gamsu ba. Bayan kwana biyu na kawo taswira, sai ga wuri mafi ƙunci a cikin mashigin an rubuta masa Ali Masjid, Masallacin Ali, kuma mutanen wurin da Sayyadina Ali suke danganta shi. Yaron bai ce uffan ba, murmushi kawai ya yi mini irin na wanda ya ci gardama.

Aikin farko awo ne, nan kuwa na fara tuntuɓe. Littattafai suna ba mashigin tsawon kusan kilomita 53. Na sayi forfe, na buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, na miƙe layi daga Jamrud, bakin mashigin ta gefen birnin Peshawar na Pakistan, zuwa Torkam inda iyakar take, sai na ga bai wuce kilomita 30 ba. Dare guda na yi ina zargin lissafina. Sai da na ƙara girman hoton na bi hanyar da ido, na ga yadda take murɗewa kamar hanjin tunkiya, sannan na gane. Wani sashe na bambancin karkacewar hanya ce, saura kuma ya danganta da inda kowane marubuci ya fara awonsa. Na ɗauki 30 ɗin. A mangazar makaranta akwai wani tsohon ƙyauren katako mai tsawon mita 2. Santimita 6 a madadin kowace kilomita, santimita 180 ke nan, ga ƴar rara a kowane gefe.

Na je wurin shugaban makaranta neman ɗan abin da za a sayi laka da fenti. Ya saurare ni da kyau, ya yaba, ya ce babu ko dala. Na san amsar tun kafin in shiga ofishin. Jika biyu ta fita daga aljihuna, mai amalanke ya kawo mana laka daga wajen masu tubali a bakin Gulbi, ya zube ta gindin dogon yaro.

Ranar Asabar ta farko muka yi gini bisa ma'auni na gaskiya. Jamrud yana kan tsayin kusan mita 460 daga teku, Landi Kotal kuwa, ƙololuwar mashigin, kusan mita 1,070. Hawan mita 600 ke nan, wanda a kan ƙyaurenmu ya zama santimita 3 da ɗoriya. Da muka gama muka ja da baya muka duba, kunyar gero ta fi shi alfarma. Wani yaro ya ce, "Mushe, wanga dutse ai ko jaki tsallake shi zai yi." Haka yake ga duk mai yin irin wannan aiki: in bai ƙara tsayi ba, dutse ba ya fitowa dutse. Muka ninka tsayin sau 5, muka bar tsawon yadda yake, na kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro a gefen ƙyauren, kada wani ya zo gobe ya ce na yi wa yara ƙarya. Wannan karon ya yi kyau. Muka bar shi a rana ya bushe, muka watse gida cikin murna.

Ran Litinin na tarar da abin tausayi. Iskar hunturu da rana sun haɗu a kansa. Mashigi ɗaya muka gina, muka tarar da tara.

Wadda ta cece mu kakar wani ɗan ajin ce, mai ginin tukwane. Jikan ya ba ta labari, ita ma ta ce sai ta ga wannan shirme da idonta. Ta zo da yamma da sandarta, ta ɓantari wani yanki ta murje shi tsakanin yatsu, ta sunsuna.

Ta ce, "Ɗana, wa ya kwaɓa maka wagga laka?"

Na ce, "Mu muka kwaɓa, Inna."

Ta ce, "Ai na gani. Ba ta ci komi ba."

Ta lissafa mini abin da laka ke ci: ƙaiƙayi, busasshen kashin jaki da aka daka, da dakakken tsingaro. A kwaɓa, a rufe, a bar ta ta kwana uku. Sannan kada a tula ta toshe kamar tuwo, don waje zai bushe ciki na ɗanye, dole ya tsage. A jera gutsattsarin tubali su zama ƙashin dutsen, a yaɓa lakar a kai kaurin yatsa biyu, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a sa a inuwa. "Tukunya ba ta son gaggawa," in ji ta, "balle dutse." Ran ginin na biyu ba wanda ya gayyace ta, sai ga ta. Ita ta nuna wa yara yadda ake jan gangare da bayan cokali da guntun ƙwarya, ita ta matse Ali Masjid da gefen tafinta. Na ce mata ko da faɗin wurin mita 20 ne, a ma'auninmu da kaɗan ya wuce milimita 1. Ta zaro tsinken tsintsiya ta ce, "Kamar wannan?" Na ce kamar shi. Ta ce to ido ba zai gani ba, sai a ɗan buɗe. Muka buɗe shi faɗin ɗan yatsa. Ƙarya ta biyu ke nan, ita ma na rubuta ta a gefe.

Kwana 10 ya yi ƙarƙashin buhu. A kwanakin ne na zauna karatu da dare, kuma a nan na kama kaina da wani kuskure da na shekara da shekaru ina maimaita wa yara. Nakan ce a cikin Khaibar aka hallaka rundunar Turawan Ingila a 1842. Ba haka ba ne. Rundunar ta bar Kabul ran 6 ga Janairu, sojoji kusan 4,500 da mabiya kusan 12,000, masu dako da barori da mata da yara, cikin ƙanƙara. A mashigan da ke tsakanin Kabul da Jalalabad aka cinye su, a Khurd Kabul da Jagdalak, ragowar kuma a Gandamak. Likitan soja William Brydon ya isa Jalalabad ran 13 ga wata a kan doki mai rauni. Ko ƙofar Khaibar ba su kai ba. Haka kuma Iskandar Mai Girma, da ake yawan cewa ya bi ta nan, shi da kansa ta arewa ya ratsa, ta kwarin Kunar da Swat. Da safe na faɗa wa aji cewa na yi kuskure. Sun fi jin daɗin wannan darasi a kan duk waɗanda na taɓa yi musu.

Da ya bushe muka shafa masa jar ƙasa da toka, don duwatsun wurin ƙeƙasassu ne, ba itatuwan kirki. Kwalin ashana ya zama ganuwar Jamrud, wadda Hari Singh Nalwa, sarkin yaƙin daular Sik ta Lahore, ya gina a 1836, aka kuma kashe shi a gindinta bayan shekara ɗaya, a karonsa da dakarun Amir Dost Muhammad na Kabul. Murfin kwalba ya zama Landi Kotal. A ƙarshen yamma muka shimfiɗa jan zare a gicciye, layin Durand na 1893, wanda ya raba Pashtunawa gida biyu, ƴan ƙabilar Shinwari wasu nan wasu can. Wannan kam ban sha wahalar bayaninsa ba. Rabin ajin suna da gwaggo ko kawu a Katsina ko Jibiya, kuma sun san yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 ne suka bar Katsinawan Maradi a gefe ɗaya, birnin kakanninsu a ɗaya gefen.

Sai wasan da na shirya tun farko. Na sayi tiyar aya da ƴar wake. Na raba aji biyu: masu zuwa daga Peshawar da aya 100, su ne runduna, da masu dutse da wake 20, su ne Afridawa, ƙabilar da ke zaune a kan tsaunukan mashigin. Doka ɗaya ce: duk ayar da ke cikin kwazazzabo, in akwai wake a samanta cikin tazarar taƙi ɗaya, an cinye ta, kuma ci na gaske, da baki.

Zagayen farko runduna ta shiga kai tsaye, da taƙamar yawa. A Ali Masjid aya ta jeru ɗaya bayan ɗaya, don wurin ba ya ɗaukar biyu. Kafin minti 5 masu dutse na tauna, runduna na ihun an cuce ta. Na bar su suka gama hayaniya, sannan na ba su labarin 1672, lokacin Sarki Aurangzeb na daular Mugal ta Indiya, da gwamnan Mugal Muhammad Amin Khan ya kutsa da rundunarsa, Afridawa ƙarƙashin Aimal Khan suka rufe ta ciki. Gwamnan da ƙyar ya tsira zuwa Peshawar. Yawan soja a wuri irin wannan nauyi ne, don na gaba kaɗai ke yaƙi, na baya sun toshe masa hanyar gudu.

Zagaye na biyu suka daɗe suna shawara. Wani siririn yaro da ba ya magana a aji ya ce kada kowa ya shiga ciki tukuna, a fara hawa bisa. Suka ɗora aya 30 a gangaren dama, 30 a na hagu, suka kori waken daga ƙololuwa, sannan saura suka wuce ta ƙasa. Abin da Janar George Pollock na Ingila ya yi ke nan a watan Afrilu na 1842, da ya taso daga Peshawar don ceton waɗanda ke Jalalabad. Wata uku kafin nan wani kwamanda ya gwada shiga ta ƙasa an koro shi. Pollock ya tura sojoji suka hau tsaunukan gefe biyu tun da asuba, bai motsa babbar rundunar da raƙumanta ba sai da sama ta zama tasa. Yaron ya tambaye ni ko da gaske Janar ɗin haka ya yi. Na ce da gaske. Ranar har gida ya raka ni yana turo mini babur.

Yarinyar bencin baya kuwa ba ta bar ra'ayinta ba. A zagaye na uku ta kwashi aya 40 ta bi da su ta bayan duwatsun, ta gefen ƙyauren, ta ɓullo wa waken ta baya. Masu dutse suka ce haramun ne. Na ce halal ne, kuma tana da manyan magabata. A watan Nuwamba na 1738 Nadir Shah na Farisa ya tarar da gwamnan Mugal Nasir Khan ya toshe Khaibar. Ya bar sansaninsa a kafe don a zaci yana nan, ya ɗebi mahaya ya bi wata muguwar hanya ta kudu, tafiyar kusan kilomita 80, ya faɗa musu ta baya. Bayan ƴan watanni yana cikin Delhi. Haka ran 21 ga Nuwamba 1878, farkon yaƙin Ingila da Afganistan na biyu, wanda ya tashi saboda Amir Sher Ali ya karɓi jakadun Rasha a Kabul, aka kuma mayar da na Ingila baya daga Ali Masjid. Janar Sam Browne ya buga wa ganuwar ta gaba bai ci nasara ba. Amma ya riga ya tura runduna biyu su kewaya ta cikin duwatsu, masu tsaron suka ji ana shirin rufe musu baya, suka janye cikin dare.

Na ce mata, "Kin ga kina da gaskiya, ana kewayawa." Sai dai na sa ta dubi hanyar da ta bi. Mahayi zai wuce, mai ƙafa zai wuce. Igwa fa, da amalanken abinci, da dubban raƙuma? Kuma wa zai nuna maka hanyar cikin duhu in ba ɗan wurin ba? Tun zamanin Sarki Akbar na Mugal aka gyara Khaibar har keken dabbobi ke bi, shi ya sa ko ka kewaya ka ci yaƙin yau, gobe ta cikinsa hatsinka zai biyo.

Ana cikin wannan, ɗan wani alhajin kasuwa, wanda duk wasan bai taɓa aya ba, ya jingina da bango ya ce wa masu dutse, "Ku tsaya. Nawa za ku amsa ku bar mu mu wuce?" Aka yi ciniki a gabana, da rantse-rantse da komi. Suka daidaita a aya 15. Sauran 85 suka ratsa lafiya lau, ba wanda aka tauna.

Ban shirya wannan zagaye ba, amma a ganina shi ya fi duk sauran kama da tarihin wurin. Yaƙe-yaƙen da ake rubutawa da manyan haruffa kwanaki ne ƙalilan cikin ƙarnoni. Sauran lokacin kuɗi ke buɗe hanya. Sarakunan Mugal sun biya Afridawa. Sarakunan Kabul sun biya. Turawan Ingila, bayan yarjejeniyar Gandamak ta 1879 ta sa mashigin a hannunsu, su ma suka ci gaba da biya, suka kuma ɗauki ƴaƴan ƙabilar aikin soja a rundunar Khyber Rifles, su tsare hanyar da iyayensu ke tarewa. Robert Warburton, jami'in da ya shekara kusan 18 yana riƙe da wurin, mahaifiyarsa Ba'afganiya ce, kuma da zama da hira da dattawa ya riƙe shi. Bala'in 1842 ma da na ambata, in ka bi salsalarsa, akwai kuɗi ciki: a 1841 Turawa suka rage abin da suke ba shugabannin ƙabilar Gilzai don tsimi, su kuwa suka rufe mashigan da ke hannunsu. A watan Agusta na 1897 Afridawa suka tashi suka ƙwace ganuwoyin Khaibar ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka tura sojoji sama da 30,000 cikin Tirah, ƙasar Afridawa, aka sha wuya, ƙarshe aka koma kan tabarma, aka ci gaba da biya.

Na zamani ban daɗe a kansa ba, don yara sun riga sun kama zaren. Layin dogo da aka buɗe a 1925, mai ramuka 34 da gadoji 92, an gina shi ne don kai soja iyaka da sauri, kuma ruwan sama ne ya ci shi daga baya, ambaliya ta kwashe sassansa jirgi ya daina bi. Da na faɗi haka wani ya ce Allah ya kiyaye namu na Kano zuwa Maradi, aka ce amin. Bayan 2001 kayan dakarun NATO, waɗanda mu nan muka fi sani da OTAN, daga tashar Karachi suke tasowa a manyan motoci su bi ta Torkam. A watan Nuwamba na 2011 jiragen Amurka suka kashe sojojin Pakistan 24 a Salala, Pakistan ta rufe hanyar, ba ta buɗe ba sai Yuli na 2012. Ƙasar da ta fi kowa jiragen sama ta zauna tana jiran a ɗage mata sandar shinge. Yaran da suka ga abin da rufe hanyar Kwatano a 2023 ya yi wa farashin shinkafa a babbar kasuwa ba su buƙaci dogon sharhi ba.

Ƙarshen zangon karatu muka fito da shi farfajiya don iyaye su gani. Cikin waɗanda suka zo akwai kawun yarinyar nan, tsohon direban kamiyo, wanda ya shekara da yawa yana dakon kaya zuwa Dirku da Libiya. Ya zagaya ƙyauren sau biyu, hannu a baya, bai ce komi ba. Can ya ce, "Mushe, aiki ya yi kyau. Amma ina ruwa?"

Na ce, "Wane ruwa, Alhaji?"

Ya ce, "Waɗanda ke bin wagga hanya, su da bisashensu, ina suke sha? Ina suke kwana?"

Wata biyu ina kan wannan abu, na auna tsayi, na auna tsawo, na haddace shekaru, ban sa ko ɗigon ruwa ba. Alhali a Ali Masjid akwai ƙorama, kuma wurin zangon ayari ne tun da daɗewa. Na gaya masa haka. Na ƙara da cewa a zamanin Turawa kwana biyu a sati ake buɗe wa ayari hanya, Talata da Juma'a, da rakiyar soja. Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito. Ya ce, "Mu Litinin ce tamu." Daga Agadas, in ji shi, a zamaninsa ran Litinin motoci ke taruwa su bi ayarin soja zuwa Dirku.

Daga nan darasin ya koma hannunsa. Ya tsuguna ya karɓi sandar tsohuwar, ya fara zane a ƙasa, yara suka kewaye shi suka bar ni da ƙyaurena. Ga Agadas, ga rijiyar Espoir, ga Dirku, ga Sigidin, ga Madama, ga Tummo a bakin Libiya. Ya ce wa ƴar ƙanwarsa, "Ke da kike cewa a kewaya ta gona, a Tenere ba dutse ba shinge, ko'ina hili ne, ki bi inda kike so. Amma dole ki zo rijiya. Wanda ya zauna bakin rijiya ya tare hanya, ko ba shi da ƙyaure." Ya ɗan matsa yamma da Tummo ya caka sandar, ya ce nan ne Salbado, kusa da inda Nijar da Libiya da Aljeriya suka haɗu, hanyar waɗanda ba su son a gan su a Madama. Shi bai taɓa bi ba, ya ce, kuma ba ya fata. Ta Tubawa da Buzaye ce, baƙo ba ya shiga sai da ɗan gari.

Abin da na iya ƙarawa kaɗan ne. Ganuwar Madama Faransawa suka gina ta a farkon shekarun 1930, don sa ido kan Italiyawa da suka mamaye Fezzan, a kudancin Libiya. A ƙarshen 2014 sojojin Faransa na rundunar Barkhane suka dawo suka kafa sansani a wurin, a watan Afrilu na 2015 kuma suka sauko da laima a yankin Salbado. Hanyar da ya zana ita ce tsohuwar hanyar Borno zuwa Fezzan, ta Kawar, wadda matafiyan Ingila Denham da Clapperton suka biyo zuwa Kukawa a 1823. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce waɗannan bai san su ba, amma ya san inda ƙasusuwan raƙuma suke.

Kafin ya tafi ya dawo wurin ƙyauren, ya tambayi ina ne masallacin. Na nuna masa. Ya ce a kawo ruwa a buta, ya jiƙa babban yatsansa ya yi ta murza gindin kwazazzabon har lakar ta yi laushi, ya danna ya yi ɗan gurbi. Tsohuwa na kallonsa tana tsaki, tana cewa zai tsage mata aiki. Bai tsage ba. Washegari yarinyar ta zo da bula daga gida ta ɗiga a ciki.

Zanen Alhaji kuwa na kwafe shi cikin kayena da gaggawa a wannan yammacin, kafin masu shara su zo. Khaibar yana mangaza yanzu, an jingina shi a kan benci biyu, ɓera ya ci kwalin Jamrud. Bana Madama da Salbado nake son mu gina. Tsohuwa ta ce rairayi ba ya zama a kan laka sai da ƙaro, ta ce in nemo na dakwara, ban da na kanti. Ƙyaure na biyu ne har yanzu ban samu ba.